Wadda Ba Ta da Wurin Yaji: Gori da Asali a Tarihin Ƙasar Karaye

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana kiwon ikilisiya a ƙauyukan Karaye da Rogo ya san irin wannan zuwan. Mace ta iso gidan fasto da almuru bayan ta sauke tukunya, ta durƙusa a bakin zaure ta gaishe shi, ta gai da Mama, sa'an nan ta yi shiru. In an matsa mata da tambaya sai ta ce, "Baba Fasto, ba ya dukana. Hatsi ma yana fitarwa. Amma na gaji." Yawancinmu a nan muke rasa ta cewa. An koya mana abin da za mu yi in an kawo ƙarar zina, ko duka, ko maye. Wannan kuwa ba jini, ba kumburi, ba shaidu. Sai mu ba ta haƙuri, mu yi mata addu'a, ta tashi ta koma inda ta fito.

Abin da take kuka da shi yana da suna a Hausa, sunaye ma da yawa: gori, habaici, zambo, kyara, hantara, tsangwama, cin fuska, wulaƙanci, da gaba, wato a zauna gida ɗaya wata da watanni ba a ce da kai uffan ba. Mutane ba sa raɗa wa abu suna har kashi tara sai sun daɗe suna zaune da shi. Abin da muke so ɗalibai su gani a wannan darasi shi ne, irin wannan cuta ba ta sauka a kan kowa daidai wa daida kamar ruwan sama. Tana da magudanan da take bi, biyu daga cikinsu kuwa su ne ko mutum namiji ne ko mace, da kuma gidan da ya fito. Tarihi ne ya haƙa waɗannan magudanai, ikilisiya ma ta sa nata magirbin a ciki. In muka bi tarihin za mu tarar cewa abin da ya fi ƙayyade iyakar wulaƙancin da za a iya yi wa mutum shi ne ko yana da inda za shi in tura ta kai bango.

Mun yi dace a wannan yanki, gama ɗaya daga cikin manyan shaidu a kan zaman matan Hausawa na dā daga nan ta fito. An haifi Baba ta Karo wajen shekarar 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Rogo a yau. Musulma ce, ba ta yi boko ba. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya mai jin Hausa, Mary Smith, matar masanin zaman jama'a M. G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a 1954 da suna Baba of Karo.

Danginta asalinsu Barebari ne, kakanninta daga Borno suka zo. Manoma ne da malamai, suna da rinji da bayi. Da ta isa aure, tana wajen shekara 14, hankalinta yana kan wani ɗan Sarkin Zarewa, shi ma yana sonta. Dangi suka ƙi, domin su manoma ne, ba sa son haɗa jini da gidan sarauta. Aka ba da ita ga wani ɗan'uwanta mai suna Duma, auren zumunci. Ta amince don kada ta saɓa wa mahaifinta, amma ba ta sonsa, bayan 'yan shekaru kuwa ta bar shi. Ta auri Malam Maigari suka daɗe tare, suka rabu. Ta auri Malam Hasan a Giwa har mutuwa ta raba su. Daga ƙarshe ta yi wani aure irin na tsofaffi, wanda mata take zaune a nata gida miji yana zuwa. A duk aurarrakin nan huɗu Allah bai ba ta haihuwa ba.

A lura da wannan. Abubuwa biyu da suka fi jawo wa mace baƙin ciki a ƙasarmu, auren da ba ta so da rashin haihuwa, duka sun faɗa mata. Duk da haka wanda ya karanta labarinta ba zai ji muryar wadda aka karya wa zuciya ba. Zai ji tsohuwa mai barkwanci, mai faɗar ra'ayinta ba tsoro, wadda ake kira in haihuwa ta zo, ake neman shawararta in aure ya rikice. Me ya tsare ta? Tana da dangi masu yawa da suke tsaye a bayanta. Da ba ta haihu ba, an ba ta 'ya'yan 'yan'uwa ta riƙe ta aurar. Tana da ƙawaye na amana, irin ƙawancen dā da ake ƙullawa da biki ana rama wa juna gudummawa. Tana da 'yar sana'arta da kuɗin hannunta. Fiye da kome, ranar da ta ga zama da Duma ba zai yiwu ba, akwai ƙofar da ta buɗe mata. Ba muna cewa zamanin nan zamanin adalci ne ba. Yarinya 'yar shekara 14 aka ture abin da take so aka yi abin da manya suka ga dama. Amma wadda aka cuta tana da mafita, mijinta kuma ya san da haka tun ran da aka kawo ta.

Mafitar nan ita ce yaji, kuma ya kamata mu dube ta da kyau, domin da yawa daga cikinmu mun taso muna jin ana ambatonta a wa'azi a matsayin taurin kai kurum. A tsarin Hausawa yaji ƙara ce da mace take kaiwa da ƙafafunta. Ta tafi gidan ubanta ko waliyyinta. Miji ba zai je ya jawo ta ba, sai ya yi biko: ya aiko manyansa ko abokinsa, da goro, wani lokaci da zane, a zauna a tambayi abin da ya faru. Maganar da ya faɗa mata a ɗaki cikin dare yanzu za a maimaita ta da rana a gaban surukansa, su da yake cire takalmi ya durƙusa musu. Wannan kunyar ita ce linzami. Iyaye sukan yi wa 'yarsu faɗa su mai da ita, gaskiya ne, amma mijin ya san cewa na biyu ko na uku ba lallai ne a ba shi ita ba. In abu ya ƙi, sai gaban alƙali. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Kano suke bi, ya yarda mace ta fanshi kanta ta hanyar hul'i, ya kuma ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, malamansa kuwa sun lissafa zagin mace da zagin iyayenta da ƙaurace wa magana da ita a cikin cutarwar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a littafinsa Nurul Albab, ya tsawata wa mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna mora su kamar kayan aikin gida. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da sanin cewa ana cutar mutum ba tare da an ɗaga masa hannu ba. Bai kamata a ce mu ne na baya wajen gane wannan ba.

Sai dai linzamin nan ƙarfinsa gwargwadon ƙarfin gidan da mace ta fito ne. 'Yar gidan da yake da maza goma masu garma ba a yi mata abin da ake yi wa marainiya. Akwai kuma inda dangin da kansu suke zama tarko. A auren zumunci, wanda za ta kai wa ƙara shi ne baffanta, shi ne kuma uban mijinta. Kowa yana tsoron kada zumunci ya ɓaci, sai nauyin riƙe shi duka ya koma kan yarinya, a yi ta ce mata tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wannan har yanzu muna ganinsa, a gidajen masu bi da waɗanda ba masu bi ba.

A rinjin su Baba akwai waɗansu mata da ba su da wurin yaji ko kaɗan, su ne bayi. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa a lokacin da Turawa suka zo akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a Daular Sakkwato. Yankinmu, da yake bakin iyaka ne tsakanin Kano da Zazzau da Katsina, ya sha hare-hare. Baba da kanta ta ba da labarin yadda mahara suka kama waɗansu daga danginta, sai da aka tara wuri aka fanso su. Wanda yake da dangi masu hali an fanshe shi ya dawo ɗa, wanda ba shi da su ya ƙare a kasuwa. Baiwar da aka kawo daga nesa ba ta da uba a kusa, ba ta da baffa, sau da yawa har sunanta na yanka an canja. In maigida ya sa ta a ɗaka ta haifa masa ɗa, shari'a ta ce ɗan nan ɗa ne, yana gādo daidai da 'yan'uwansa, sarakuna da dama ma 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Amma abin da shari'a ta daidaita a zauren alƙali, tsakar gida ba ta daidaita shi ba. Ran da faɗa ya tashi tsakanin 'yan uba, kalmar da ake jefa masa ita ce ɗan baiwa.

Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu na 1903. Bayi da yawa suka gudu, waɗansu suka fanshi kansu da murgu, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato kakannin waɗansu dattawan da suke zaune a benci na gaba a majami'unmu sun ga abin da idonsu. Doka ta kwance mari daga ƙafa, amma ba ta iya hana tsofaffi tunawa da wane jikan wane ne ba. Yau ba wanda zai kira ɗan'uwansa bawa a fili. Bari dai maganar aure ta taso a fara binciken asali, sai ka ji an ce, "Gidan nan ba a auro daga ciki," ba tare da an faɗi dalili ba. In kuwa an yi auren duk da haka, an ajiye kalmar ne kamar wuƙa a kube, sai ran da aka ɓata. Haka yake ga 'ya'yan waɗansu sana'o'i da aka mayar ƙasa a tsarin dā, kamar fawa da roƙo da kiɗa. Haka ga agola, wanda ya biyo uwarsa gidan wani. Haka ga ɗan bora, wanda ya buɗe ido ya ga ana fifita ɗakin mowa a kan na uwarsa.

Ƙarshen bauta ya kawo wani sauyi da ya shafi mata kai tsaye. A zamanin ƙuruciyar Baba, bayi mata su ne suke noma da itace da ɗebo ruwa, matan gida kuwa suna ciki. M. G. Smith ya nuna cewa da aka 'yanta bayi, matan da suka fito daga bauta sun guji aikin gona domin alamar bauta ce, sai kulle ya bazu har cikin ƙauyuka inda dā sai gidajen malamai da masu hali. Mace ta huta da fartanya, amma abincinta ya rataya ga hannun miji fiye da dā, abin da ake yi mata a bayan danga kuma ya ƙara ɓoyuwa. A gidajen Maguzawa, inda yawancin masu bi na Karaye da Rogo suka fito, hanya dabam aka bi. Mace tana noma a gandu, tana da gayaunarta da rumbunta, tana dafa giya ta sayar. Wahalar jiki ta fi yawa, amma tana da abin hannunta, kuma gidan da ya rasa ta ya rasa ma'aikaciya. Gorin da ake yi a can ya fi karkata ga ragwanci da rashin 'ya'ya maza. Daga waje kuma dukan gidan, maza da mata, suna shan gorin kalmar nan arna a kasuwa da gaban hakimi. Mutumin da ya haɗiye wulaƙanci a kasuwa bai iya ramawa ba, sau da yawa a gida yake amayar da shi.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa maganar nan ta maza masu cuta ce da mata abin cuta kawai. Babban rabo na gorin da amarya take sha daga bakin mata yake fitowa: uwar miji, da kishiya, da ƙannen miji. Waƙoƙin daka da na niƙa cike suke da habaici, mace tana luguden taɓarya tana aika saƙo ɗakin da yake kallon nata, ba wanda zai ce ta ambaci suna. Wadda aka yi wa jiya, in ta zama uwar miji, ita take yi wa wata. Maza ma suna sha. A gandu, ƙane yakan kai shekara 40 yana da 'ya'ya amma ba shi da ta cewa a kan rumbu, wansa yana tsawata masa a gaban matarsa. Mijin da ya auro daga gidan da ya fi nasu hali, ko wanda damina ta ƙi shi shekara biyu a jere, yana jin nasa a bakin murhu. Bambancin shi ne namiji ba ya yaji, ba ya kuma kawo ƙara gidan fasto, gama za a ce mijin-ta-ce ne. Yajinsa shi ne cin rani da ba a dawowa, ko gidan burkutu, ko bebantaka a cikin gidansa. Amma nauyin bai zo ɗaya ba. Namiji yana zaune a gidan ubansa cikin danginsa, gona tasa ce, 'ya'ya nasa ne in an rabu. Mace baƙuwa ce da aka kawo, kome daɗewarta.

Yanzu mu zo kan namu, inda maganar take da ɗaci. Turawan mishan ba su sami izinin aiki sosai a cikin masarautar Kano ba sai a shekarun 1930. Wajen 1937 mishan ta SIM ta karɓi kula da asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, daga baya aka buɗe tashoshi da makarantu a wurare irin su Roni da Kabo da Tofa. Ekwa ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Da yawa cikin masu bi na fari a ƙasar Kano majinyata ne, da marayu, da baƙi, wato mutanen da duniya ta riga ta ture. Wannan abin alfahari ne ga bishara. Abin kunya shi ne, da ikilisiya ta yi ƙarfi aka sami gidajen fastoci da na ma'aikata, sai ga tsohon binciken asali ya shigo da sabuwar riga. Ana tuna wanda kakansa ya zo ta asibitin kutare. Ana bambanta wanda aka haifa cikin bangaskiya da sabon tuba.

Ban da wannan, ikilisiya ta rufe ƙofofi uku da Baba ta tarar a buɗe, ko da yake ba da mugun nufi ba. Ta fari, wadda ta tuba daga gidan da bai yarda ba ta rasa gidan uba ɗungum, in ta yi yaji ma ba mai karɓarta, ko kuwa a karɓe ta da sharaɗin ta bar bangaskiya. Ta biyu, ka'idar mace ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, sauran mishan-mishan ma kusan haka suka bi, sai a 1988 Angilika ta sassauta. A ƙauyuka abin da wannan ya haifar shi ne magidanci ya sallami mata ta biyu da ta uku domin ya sami shiga ruwa, su da ba su yi laifin kome ba, 'ya'yansu kuma suka taso da wani sabon gori a cikin majami'a. Ta uku, mun koyar cewa aure ba saki, muka kuma haɗa yaji da saki muka yi musu kuɗin goro. Macen da ta tafi gidansu ita ake sa wa horo, a hana ta Jibin Ubangiji, a mai da ita bencin baya. Wanda ya kore ta da bakinsa yana nan yana karɓar baiko ran Lahadi, tun da ba wanda ya ga ya ɗaga hannu.

Sakamakon yana da wuyar faɗa, amma sai mun faɗa: akwai matan masu bi a yankin nan da mafitarsu ba ta kai ta Baba ta Karo ba, wadda aka haifa kusan shekara 150 da suka wuce. Ba muna kira a sassauta koyarwar Ubangijinmu a kan aure ba ne. Muna cewa wanda ya kulle ƙofa ya riƙe mabuɗi, alhakin abin da yake faruwa a cikin ɗakin yana wuyansa. Abin da ya rage mana kunya a tarihin nan shi ne Zumuntar Mata. Su ne, ba tare da wani ya tsara musu tauhidin abin ba, suka zama dangin wadda ba ta da dangi: su je suna, su je jana'iza, su yi mata gudummawa, wani lokaci su tari mijin da kansu.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye waɗannan magudanai ba. A Farawa 16 Hajaratu baiwa ce, baƙuwa daga Masar, an sa ta a ɗaka don uwargida ba ta haihu ba. Da ta yi ciki ta rena Saratu, Saratu ta gasa mata, Ibrahim kuwa ya zare hannunsa ya bar su. Da ba ta da gidan uba, jeji ta nufa. Mun sha jin ana kafa hujja da cewa mala'ika ya mai da ita, don a tilasta wa mace ta koma. Mai yin haka ya karanta har sura 21, inda ta fita ba ta dawo ba, Allah kuma ya ji kukan yaron ya nuna mata rijiya. A Littafin Mahukunta 11, 'yan uban Yefta sun kore shi daga gādo saboda asalin uwarsa, sai da yaƙi ya ci su suka je biko. Amma labarin da ya fi kusa da mu masu hidima shi ne na Hannatu a 1 Sama'ila 1. Kishiyarta Feninna tana yi mata gorin haihuwa kowace shekara, a lokacin sujada ma. Elkana yana ƙaunarta, yana ba ta babban rabo, amma ba mu ga inda ya tsawata wa Feninna ba. Da ta kai kukanta ɗakin Ubangiji, Eli firist ya dubi leɓunanta ya ce ta bugu. Mutumin Allah ya ƙara mata a kan wanda ta zo da shi. Abin da ya cece shi shi ne ya saurara da ta amsa, ya kuma janye maganarsa. A Matiyu 5 Yesu ya ajiye zagi da reni a layi ɗaya da kisankai. Kolosiyawa 3:19 ta hana maza ɗaci ga matansu, 1 Bitrus 3:7 kuma ta ɗaura karɓuwar addu'ar miji ga yadda yake girmama matarsa. Ayar biyayya a Afisawa 5 kowane ango ya haddace ta, amma ayar da ta gabace ta da waɗanda suka biyo ta ba su cika samun wa'azi ba.

Dokar ƙasa ta yi jinkiri kamar yadda muka yi. Kundin Final Kot na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 55 ya bar wa miji damar horon matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Sai a 2015 aka yi dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ta ambaci cutarwa ta baki da ta zuciya a matsayin laifi mai hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyu. A Abuja ta fara aiki, kowace jiha kuma sai ta amince da ita kafin ta hau kanta. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 32 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun sha irin wannan cuta daga miji, alhali masu ƙarar duka kashi 19 ne. Binciken ya kuma nuna cewa matan da suka taso ubansu yana dukan uwarsu sun fi faɗawa cikin auren cuta. Wannan wata fuskar asali ce da ba ta shafi bauta ko sana'a ba. Yaron da ya ga ana yi wa uwarsa tsawa kamar baiwa ya koyi yadda ake magana da mata, yarinyar kuma ta koyi cewa haka aure yake.

Akwai kuskure na ɗaya gefen da sababbin fastoci suke yi, musamman waɗanda suka zo daga wata ƙasa ko suka daɗe a birni. Ba kowane shiru ne gaba ba, ba kowace baƙar magana ce gori ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mata ba ta faɗar sunan mijinta, suruki yana kauce wa surukarsa a hanya. Wannan kunya ce, girmamawa ce, Baba ma ta yi dogon bayani a kanta. Taubasai suna yi wa juna tsiya, jika yana tsokanar kakarsa, kowa yana dariya. Ma'aunin da muka ga yana aiki shi ne a duba ko wanda aka faɗa wa yana da ikon ramawa. Wasa yana tafiya yana dawowa. Gori hanya ɗaya yake bi, daga mai ƙarfi zuwa wanda ba shi da bakin amsa, kuma yana kama abin da mutum ba zai iya canjawa ba: uwarsa, mahaifarsa, kakansa, talaucin gidansu.

Saboda haka in matar nan ta sāke zuwa bakin zaure da almuru, kafin mu ce ta yi haƙuri akwai tambayoyin da tarihi ya sa a bakinmu. "'Yata, wace kalma yake faɗa miki? Su wa suke ji in ya faɗa? Ina gidanku, wa zai karɓe ki in kin je?" In amsar ta ƙarshe ita ce ba kowa, to ikilisiya ce gidan ubanta, kuma gidan uba yana da ɗakin saukar 'ya, yana da ikon sa a zo biko.

Mun ga an gwada wannan a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye. Matar sabuwar tuba ce, danginta sun yafe ta, mijin kuwa ɗan gidan masu bi ne tun kakanni. Dattawa suka sauke ta a gidan shugabar Zumuntar Mata, ba su sa ta a horo ba, suka aika wa mijin cewa in yana son matarsa ya zo ta hannunsu. Ya yi kwana tara yana cika baki, a na goma ya zo da wansa da ƙullin goro. Aka shimfiɗa tabarma. Wani tsoho cikin dattawan, wanda bai taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ya ce masa, "Ɗana, ba mu da doguwar magana. Sunan nan da kake kiranta da shi a gida, kira ta da shi yanzu mu ji." Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Tsohon ya sāke tambaya har sau uku, bai iya faɗa ba. Ta ƙara mako biyu a gidan shugabar kafin ta koma, aka kuma sa mata biyu su riƙa leƙa ta kowace ranar kasuwa.